Waƙoƙin Kirsimeti da Hausa, da 'Yancin Rera Su

Watan Disamba a ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram na jihar Jigawa wata ne na hunturu, dawa ta shiga rumbu, manomi ya samu sararin numfashi. A daidai wannan lokaci ne majami'un yankin ke fara bitar waƙoƙin Kirsimeti. Kiristoci a nan tsiraru ne cikin al'ummar da Musulmi suka fi rinjaye nesa ba kusa ba: ma'aikatan asibitin tarayya, 'yan kasuwa, masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan ƙasa haifaffun yankin. Wanda ya taɓa wucewa ta bakin irin wannan majami'a ya san sautin: matan Zumunta cikin anko, ɗaya na dukan bakin tulu yana amsawa da amo mai kauri, wata na kaɗa caki, jagora ta ba da waƙa sauran su amsa. Waɗannan waƙoƙi aƙida ce ake furtawa da murya, don haka damar rera su a fili na cikin abubuwan da za a auna 'yancin addini da su.

Ba duk waƙar da ake ji a lokacin bikin ce ke da wannan nauyi ba. Jingle Bells, wadda aka wallafa a Amurka a 1857, labarin yawo ne kan ƙanƙara, ko sunan Yesu babu a ciki. Waƙoƙin majami'a kuwa daga Linjilar Luka da ta Matiyu suke ɗebo zancensu: ƙidayar da ta tilasta wa Yusufu da Maryamu tafiya Baitalami, rashin masauki, jaririn da aka kwantar a komin dabbobi, makiyayan da mala'ika ya fara yi wa albishir suna tsaron garke da dare. Ga Kirista, ma'anar ita ce Mai Ceto ya zo ta ƙofar talakawa, kuma masu kwana a daji da dabbobi ne suka fara jin labari kafin masu mulki. Mutumin Gwaram ba ya buƙatar a yi masa bayanin sanyin daren makiyayi. Ko Silent Night, da ta karaɗe duniya, a ƙauyen Oberndorf na ƙasar Ostiriya aka fara rera ta a 1818, da rakiyar jita kawai.

Wani zai ce ai duk kayan Turawa ne. Akwai ƙamshin gaskiya, domin yawancin karin da ke cikin Littafin Waƙoƙi 'yan mishan ne suka zo da shi. Amma tarihin ya fi haka zurfi. Tun a ƙarni na 19 akwai Isawa, almajiran da suka fifita matsayin Annabi Isa, aka kashe jagoransu Malam Ibrahim a Kano, saura suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi, maƙwabciyar Birnin Kudu. Zuriyarsu na cikin waɗanda suka je wurin ɗan mishan Likita Miller a Zariya, suka zama tushen Kiristocin Wusasa. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, majami'ar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, daga baya Maguzawa da dama a ƙasar Kano da Katsina suka karɓi addinin. Matan Zumunta kuma sun daɗe suna tsara nasu waƙoƙin a kan karin gida. Abin da aka shafe kusan ƙarni guda ana rerawa da harshen uwa ya wuce a kira shi baƙo.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma bai kamata a lulluɓe shi ba. Waƙoƙin suna kiran Yesu Ɗan Allah, Musulunci kuwa bai yarda da haka ba. Musulmi na girmama Annabi Isa, Alaihis Salam, a matsayin manzo, ɗan Maryam. Saɓanin na gaske ne, kuma a nan ne 'yanci ke da amfani, don abin da kowa ya amince da shi ba ya neman kariyar doka. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar bin addininsa da bayyana shi, shi kaɗai ko cikin jama'a, kuma sashen bai daina aiki ba da Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a a 2000. Musulmi ma suna da tarihin zama tsiraru. Da sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha, sarki Kirista, Najjashi, shi ya ba su mafaka bayan Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam. Labarin haihuwar nan ne ya buɗe musu ƙofa.

To, Kirista ya gode wa Allah kan wannan 'yanci? Akwai Kiristan da zai ce da wane baki zai gode, alhali a Satumban 2006 an ƙona majami'u a Dutse, kuma har yau shugabannin Kirista a jihohin Arewa na kukan wahalar samun filin gina wurin ibada. Kukansa na kan hanya. Sai dai godiya ga Allah kan abin da aka samu ba ta hana neman abin da ya rage, kuma abin da aka samu ba kaɗan ba ne. A zamanin Turawa, hukuma da kanta ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga masarautu. Yau ranakun 25 da 26 ga Disamba hutu ne a Jigawa kamar ko'ina a ƙasar, maƙwabta na aika wa juna shinkafa da nama a Kirsimeti da Sallah.

Nauyin kiyaye wannan 'yanci na kan hakimai da dagatai da limamai da fastoci, da ƙananan hukumomin biyu. A tsare majami'u a daren biki, a duba takardun neman fili da adalci, masu waƙa su ma su kula da lokutan sallar maƙwabta wajen ɗaga lasifika.