Faifan da ya canza riga kafin ya ci kasuwa

Mukan ce kaya mai kyau shi ke sayar da kansa. Gaskiya ne, amma sai mai kanti ya yarda ya ɗora shi bisa tebur tukuna. Ga abin da ya faru da wani faifai a Amurka.

Stryper ƙungiyar samari huɗu ce, Kiristoci, daga jihar Kalifoniya, cikinsu har da wa da ƙane, Robert da Michael Sweet. Kiɗansu shi ne rok mai zafi: gitar lantarki da ganguna masu ƙara kamar tsawa. A lokacin, jama'a da dama na ganin irin wannan kiɗa na mashaya ne. Su kuwa sai suka ɗora masa wa'azi, har sukan jefa wa ƴan kallo Littafi Mai Tsarki a wurin wasa.

A 1986 kamfanin Enigma ya fitar da faifansu mai suna To Hell with the Devil, wato Shaiɗan ya tafi wuta. A bangonsa an zana mala'iku huɗu suna jefa Shaiɗan cikin ramin wuta. Hoton ya tayar da ƙura, wasu masu kantuna suka ƙi karɓar kayan. Shahararren mai wa'azi Jimmy Swaggart shi ma ya soki ƙungiyar.

Kamfanin bai tsaya gardama ba. Ya sake bango, baƙi, mai ɗauke da sunan ƙungiyar da na faifan, amma waƙoƙin na nan yadda suke. An sayar da fiye da miliyan 1 a Amurka, waƙar Honestly kuma ta kai matsayi na 23 a jerin Billboard.

Mu a nan Agiye da Gazawa da Gidan Rumji mun san muhawarar haɗa kiɗa da yabon Allah, ko mandirin ƴan bege ne ko gangunan coci. Wannan mun bar wa malamai da fastoci.

Namu darasin na kasuwa ne. Hajiya mai man gyaɗa, idan masu saye sun juya baya, ki duba kwalbar kafin ki karya farashi. Ana iya sake kwalba a samu ciniki, amma ranar da aka gauraya man, amana ta tafi.