Yadda fata ke jin girgiza, da haɗarin da ke tattare da masu injin niƙa da 'yan kabu-kabu a Baleyara

Duk ranar Lahadi, kasuwar Baleyara da ke kan hanyar Yamai zuwa Filinge, a jihar Tillaberi, takan cika da 'yan kabu-kabu da masu injin niƙa. Waɗannan mutane kan wuni riƙe da ƙarfen da ke girgiza, lamarin da likitoci suka ce yana iya kashe jijiyoyin yatsu sannu a hankali.

A ƙarƙashin fata akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu siffar albasa, ɓawo kan ɓawo, da zaren jijiya a tsakiya. Ana kiransu da sunan Filippo Pacini, masanin ƙasar Italiya da ya yi bayaninsu a shekarun 1830, kuma suna da yawa a tafin hannu da tafin ƙafa.

Abin da ya danna fata ya tsaya cak bai dame su ba. Motsi mai sauri ne ke tayar da su, musamman girgizar da ta kai kusan sau 250 a daƙiƙa ɗaya. Da su ne mutum ke jin waya na ɓari a aljihu, da su ne kuma makanike ke ɗora hannu kan inji ya gane akwai abin da ya kwance.

A shekarar 2021, Ardem Patapoutian na Amurka ya samu kyautar Nobel saboda gano ƙofar da ke buɗewa a jikin jijiya idan an taɓa fata, ta mayar da taɓawar saƙon lantarki zuwa ƙwaƙwalwa.

Sai dai shekaru ana riƙe inji kan gajiyar da wannan tsari. Yatsu kan fara tsikari kamar ana soka allura, su yi dindiris, su koɗe lokacin hunturu, har sa maɓalli ya gagara. Idan abin ya yi nisa, ba kasafai yake warkewa ba.

Ciwon suga ma kan rage jin girgiza, galibi daga ƙafa. Shi ya sa likita kan kaɗa wani ƙarfe mai baki biyu da ke girgiza sau 128 a daƙiƙa, ya ɗora a babban yatsan ƙafa. Wanda bai ji ba, ƙaya na iya sokarsa bai sani ba har ta zama gyambo.

Likitoci na ba da shawarar a riƙa hutawa tsakanin aiki, a ɗaure kusoshin inji, a sassauta riƙo, a ɗumama hannu lokacin sanyi, sannan a je asibiti da zarar yatsu sun fara dindiris.