Mawaƙin Fada da Takwaransa na Turai

A ƙasar Italiya, inda wasan waƙe da ake kira opera ya samo asali wajen shekara ta 1600, malaman wannan fanni sun kasa muryoyin maza gida uku: akwai siririya mai hawa sama, akwai kakkaura mai sauka ƙasa, sa'an nan akwai matsakaiciya wadda suke ce wa bariton, ita ce kuwa galibin maza suke da ita. Mai neman abinci da wannan murya yakan shafe shekaru a makaranta yana koyon sarrafa numfashi da karatun alamomin sauti da lafazin Italiyanci da Jamusanci, har ya kai ga cika babban zaure da muryarsa ba tare da lasifika ba. Kuma saboda kwarjinin muryar, shi aka fi ɗora wa matsayin sarki ko mugu ko uba, kamar yadda Verdi ya yi a wasansa Rigoletto na 1851.

Mu nan ƙasar Zuru, in muna neman misalin wannan sana'a ba sai mun tsallaka teku ba, gama maƙwabtanmu na Yawuri sun riƙe Aliyu Ɗandawo, wanda ɗansa Sani ya gaje shi. Makarantar irin waɗannan ita ce bayan jagora. Yaro yakan fara da ɗaukar kayan kiɗa, daga nan a sa shi cikin 'yan amshi, inda zai daɗe yana karɓar gindin waƙa, yana haddace nasabar sarakuna da kirarinsu, yana lura da inda ake zuga da inda ake sakin habaici, alhali ba a yarda ya yi gaban kansa ba sai muryarsa ta nuna, ladabinsa kuma ya tabbata. Ko Musa Ɗanƙwairo na Bakura, wanda ya rasu a 1991, sai da ya yi zamani a bayan yayansa Kurna kafin ya kafa tasa ƙungiya. Wanda Allah ya ɗaukaka yakan kai ga sarauta, kamar Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Amma fa akwai bambanci babba. Baturen yana rera abin da wani ya tsara ya rubuta, yana yawo gari gari bisa yarjejeniya, ladansa kuwa daga kuɗin shiga yake fitowa; namu ubangida ɗaya yake bi, shi ke ba shi doki da riga da hatsi, in kuwa rawani ya faɗi, arzikinsa ya girgiza. Sa'an nan makaɗin namu shi ne mai ƙaga baiti, shi ne mai ɗora karin, shi ne mai rerawa, sau da yawa nan take a gaban jama'a. A ganina, ta fuskar fasaha da balaga, kayan da makaɗin fada ya ɗauka sun fi nauyi.