Sanyin Ƙashi: Me Ke Faruwa a Cikin Gaɓa, Kuma Me Ke Cikin Haɗin Kemis?

Yau kan ciwon gaɓoɓi za mu tsaya. Na san wani zai ce ai wannan matsalar tsofaffi ce. To amma wa ake aika kemis sayo maganin? Mu ne. Daga Mawashi har cikin garin Kusada da Kankia, da Baba ko Inna sun ce gwiwa ta motsa, sai a miƙa wa matashi kuɗi a ce je ka karɓo haɗi.

Mu a Hausa duk mun zuba su buhu ɗaya, mun ce sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. Alhali cututtuka ne daban-daban, abin da ya haɗa su shi ne kumburi. Shi kumburi asalinsa gata ne. Idan ƙaya ta soke ka, jiki zai turo jini da sojojin garkuwarsa wurin, ya yi zafi, ya tasa, sannan ya warke. Matsalar tana farawa ne idan sojojin suka ƙi janyewa.

Nau'in da ya fi yawa shi ne na zaizayewar guringuntsi, wato wannan laushin da ke hana ƙashi gugar ƙashi. Shekaru, ƙiba, tsohon targaɗe ko karaya, da aikin ƙarfi irin na duƙe a gona duk suna taimaka masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum kusan miliyan 528 ke fama da shi, kuma gwiwa ya fi kamawa. Ciwon yana ƙaruwa da aiki, ya lafa da hutu.

Na biyun ya fi ban tsoro, don garkuwar jiki ce da kanta take afka wa shimfiɗar cikin gaɓa. Yakan fara da yatsu da wuyan hannu, dama da hagu a tare, mutum ya tashi da safe hannu a sandare, ya fi rabin awa, wani lokaci awa guda, kafin ya saki. Mutum miliyan 18 ke da shi a 2019, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne, kuma yana kama 'yar shekara talatin. Idan aka yi sake, yatsu su karkace har abada. Akwai kuma gawut, wanda sinadarin yurik asid ke taruwa a gaɓa, yawanci babban yatsan ƙafa, cikin dare. Masoya kayan ciki da lemon kwalba, ku ji da kyau.

Yanzu mu buɗe ƙullin haɗin nan. Sau da yawa za ka tarar da diklofenak ko ibufurofen, wani lokaci duka biyun, ga kuma deksametason ko furedinisolon. Gaskiya suna kwantar da kumburi, shi ya sa Baba zai ce maganin yaron nan kamar yankan wuƙa. Amma na farkon, idan aka daɗe ana sha, suna cin bangon ciki har ya yi jini, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga hawan jini. Na biyun kuma su ne dai ake ɗirka don yin ƙiba: fuska ta cika, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Kumatun nan da ake cewa "ai Inna ta murmure", ba murmurewa ba ce. Kuma wanda ya daɗe a kansu kada ya yanke rana ɗaya, akwai hatsari, likita ne zai riƙa rage masa a hankali.

To mene ne abin yi? A fara da sanin wane iri ne, a Babban Asibitin Kankia, idan ta kama su tura Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Nau'in garkuwar jiki yana da magunguna irin su metotireksat masu taka wa cutar birki, amma sai da gwajin jini, kuma mai ciki ba ta sha. Na zaizayewa kuwa motsi yake so: tafiya a hankali, keke, miƙe ƙafa daga zaune don ƙarfafa naman cinya. Kwanciya ƙara sandarar da gaɓa take yi. Duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage, gwiwa na samun sauƙin kusan kilo huɗu a kowane taku. Gashi da ruwan ɗumi na taimakawa, musamman da hunturu. Sanda ma ba abin kunya ba ce, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓarin, ba ɓarin ƙafa mai ciwon ba.

Sai abu biyu da ba sa jiran gobe. Gaɓa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi: ƙila ƙwayar cuta ce ta shiga, tana iya lalata gaɓar cikin 'yan kwanaki. Ba sakiya, ba tsaga, asibiti kawai. Haka mai sikila da ya fara ɗingishi da ciwon kwatangwalo, a yi masa hoto, don jini kan daina isa kan ƙashin cinyar.

Nan za mu dakata, sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.