Kan Sarkin Haraji: Tarihinsa, Fasahar Sassaƙarsa da Dalilin da Ya Sa Ake Tara Shi

Kan sarkin haraji wata 'yar takarda ce da hukuma ke bugawa ta sayar, wadda ake mannawa a jikin takardar yarjejeniya, ko rasit, ko lasisi, ko kwalin wani kaya, domin ta zama shaidar cewa an biya gwamnati haraji ko kuɗin wata hidima da doka ta wajabta. Ya bambanta da kan sarkin gidan waya, wanda aikinsa biyan ladar kai wasiƙa ne kawai, ko da yake sau da yawa kamanninsu kan zo ɗaya, kuma a wasu ƙasashe guda ɗaya ne ke yin aikin biyu. A sassa daban-daban na duniya akwai mutanen da suka ɗauki tara irin wannan kan sarki a matsayin abin sha'awa kuma fagen nazari, kuma abin da ya fi jan hankalinsu shi ne waɗanda suka yi ƙaranci da waɗanda aka ƙawata da zane mai laushi da aka sassaƙa a kan ƙarfe. Wanda ya dubi lamarin da idon basira zai ga cewa kyan da ke jikin waɗannan takardu ya samo asali ne daga tsoron masu buga na jabu, ƙarancinsu kuma ya samo asali ne daga yadda aka yi amfani da su, saboda haka kowane ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da labarin yadda hukuma da talakawanta suka yi mu'amala a zamaninsa.

Asalin harajin

Karɓar haraji ta hanyar buga hatimi a kan takarda ya girmi kan sarkin gidan waya da fiye da shekara ɗari biyu. An fara shi a Holand a 1624, Sifaniya ta bi sahu a 1637, sannan Ingila ta ɗauke shi a 1694, a zamanin Sarki William na Uku da Sarauniya Mary ta Biyu, domin samun kuɗin yaƙin da take yi da Faransa. Hikimar tsarin ita ce, takardar da ba ta ɗauke da hatimin hukuma ba ta karɓuwa a gaban alƙali, don haka mai sayen gida da mai ba da bashi su da kansu ke neman su biya, ba tare da an tura musu mai karɓar haraji ba. Sai dai wannan sauƙi bai hana shi jawo fitina ba, domin a 1765 majalisar Birtaniya ta ɗora irin wannan haraji a kan jaridu da takardun kotu da kartar wasa a yankunan da take mulka a Amurka, jama'a suka yi bore har aka soke dokar a 1766, kuma ɓacin ran da ta haifar na daga cikin abubuwan da suka kai ga shelar 'yancin kan Amurka a 1776.

A duk tsawon wannan lokaci hatimin a jikin takardar ake danna shi. Sai bayan da Birtaniya ta fito da kan sarkin gidan waya mai gam a baya a 1840 ne hukumomin haraji suka rungumi dabarar sosai, inda Birtaniya ta fitar da na mannawa a kan rasit a 1853, wanda kamfanin De La Rue na Landan ya buga, Ostiriya kuma ta fitar da jerin nata a 1854.

Yadda ake sassaƙa zanen

Da yake kan sarkin haraji tamkar kuɗi ne a hannun mai shi, wani ma darajarsa ta fi albashin ma'aikaci na shekara guda, dole ne hukuma ta buga shi ta hanyar da za ta gagari mai kwaikwayo. Hanyar da aka fi amincewa da ita a ƙarni na 19 ita ce bugun sassaƙa, inda gwani kan ɗauki wani siririn ƙarfe mai kaifin baki ya riƙa yanka layuka da ɗigogi a kan ɗan farantin ƙarfe mai taushi, yana zana hoton a juye, har sai fuskar mutum da inuwarta da rubutun gefe sun fito. Aiki ne da kan ci makonni ko watanni, kuma kuskure ɗaya na iya ɓata shi baki ɗaya. Idan an gama sai a gasa farantin ya yi tauri, a danna wani naɗaɗɗen ƙarfe mai taushi a kansa ya kwashi zanen, shi ma a gasa shi, sannan a yi ta danna shi a kan babban farantin bugu sau ɗari ko fiye, ta yadda kowane kan sarki zai fito daidai da ɗan'uwansa. Jacob Perkins, Ba'amurken da ya koma Ingila a 1819, shi ne ya shahara da wannan dabara ta kwafar zane daga ƙarfe zuwa ƙarfe, kuma kamfaninsa ne ya buga kan sarkin gidan waya na 1840.

Wajen bugu, ana shafa tawada ta cika ramukan layukan, a goge saman farantin tas, sannan a ɗora takarda mai ɗan danshi a matse ta da ƙarfi har ta tsotso tawadar daga cikin ramukan. Wannan ne ya sa layukan ke ɗan tasowa a kan takardar, har ana iya jin su da yatsa kamar yadda ake jin zaren ɗinki a wuyan babbar riga. Ana kuma ƙara wani ado na layuka masu sarƙaƙiya da ke zagaye juna, wanda wata na'ura ta musamman ke zanawa da daidaiton da hannun ɗan'adam ba zai iya maimaitawa ba.

Misalin Amurka

Babu ƙasar da ta fi Amurka nuna yadda buƙatar kuɗi ta haifar da wannan fasaha. Lokacin yaƙin basasarta, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar haraji ta 1862, wadda ta ɗora kuɗi a kan kusan kowace irin takardar kasuwanci, aka kuma bai wa kamfanin Butler da Carpenter na birnin Filadelfiya aikin buga kan sarkin, masu ɗauke da hoton George Washington, daga na santi 1 har zuwa na dala 200. Da farko kowane kan sarki an rubuta masa aikinsa a jiki, wannan na cek ɗin banki, wancan na jinginar gida, wani na saƙon waya, wani na inshorar rai, kuma doka ta hana a yi amfani da ɗaya a madadin ɗaya, amma da aka ga abin ya yi wa jama'a wuya sai aka sassauta sharaɗin kafin ƙarshen shekarar. Daga 1864 zuwa 1866 har hotunan mutane an sa wa haraji, shi ya sa ake samun kan sarki a bayan hotunan wancan lokaci, kuma masu binciken tarihin iyali kan dogara da shi wajen gane shekarar da aka ɗauki hoto.

Matsalar da ta fi damun hukuma ita ce masu wanke tawadar sokewa su sake amfani da kan sarkin da aka riga aka yi aiki da shi. Domin magance haka aka fito da sabon jeri a 1871, mafi yawansa mai launi biyu, a kan takarda mai zaren siliki a ciki wadda kan sauya launi idan sinadari ya taɓa ta. A cikin wannan jeri ne aka sami na dala 500, mai launin ja da kore da baƙi, mai tsawon kimanin santimita 10, wanda masu tarawa suka laƙaba wa suna Dardumar Farisa saboda yawan adon da ke jikinsa. Guda 210 kacal aka fitar, domin a lokacin harajin cinikin ƙasa santi 50 ne a kan kowace dala 500, wato sai cinikin da ya kai dala 500,000 ne zai buƙaci irinsa, kuma a 1872 aka soke yawancin harajin takardu, ta yadda zamanin amfaninsa bai wuce kimanin shekara guda ba.

Akwai kuma wani rukuni na daban da ya ci gaba har zuwa 1883, inda aka yarje wa masu sana'ar ashana da magani da turare su biya a sassaƙa musu kan sarki mai sunansu da tambarinsu, su sami rangwame kuma su sami talla. Da yake ana manna shi ne a bakin kwali ko kwalba domin ya yage idan an buɗe, samun cikakke a yau yana da wuya ƙwarai.

Abin da ke sa kan sarki ya yi ƙaranci

Ƙarancin kan sarki kan zo ne ta hanya uku, wato a buga kaɗan tun farko, ko amfani ya lalata mafi yawansu, ko kuma a sami kuskure wajen bugu, kamar yadda aka sami wasu na 1871 da hoton Washington ya fito kai a ƙasa saboda an juya takardar a bugu na biyu. A ƙasar Sin, kamfanin Waterlow na Landan ya sassaƙa wani jan kan sarkin haraji na santi 3 a 1896, amma ba a yi aikin haraji da shi ba, sai aka buga masa sabon farashi a kai a 1897 aka mayar da shi na gidan waya. Wanda aka fara bugawa na dala ɗaya rubutunsa ya yi ƙanƙanta, aka sauya shi nan da nan, kuma guda 32 ne aka san suna nan a yau.

Arewacin Nijeriya ma tana da nata. A 1904 gwamnatin mulkin mallaka ta Arewacin Nijeriya ta fitar da kan sarki na fam 25 mai hoton Sarki Edward na Bakwai, wanda ya halatta a yi aikin gidan waya da na haraji da shi. Tun da fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kuma kobo 12, darajarsa ta kai kobo 6,000, a zamanin da kobo ɗaya ke isa a aika wasiƙa tsakanin yawancin ƙasashen daular Birtaniya, don haka a fili yake cewa don haraji aka yi shi, kuma masana tarihin kan sarki sun bayyana cewa kuɗin lasisin sayar da barasa aka riƙa biya da shi. Ba bugun sassaƙa ba ne, kuma zanensa iri ɗaya ne da na sauran ƙasashen da Birtaniya ke mulka, amma yana cikin mafi tsada a tarihin kan sarkin Nijeriya, abin da ke nuna cewa kyau da ƙaranci ba kullum suke haɗuwa a wuri ɗaya ba.

Yadda masu tarawa ke aiki

Shekaru da dama masu tara kan sarkin gidan waya sun ɗauki na haraji a matsayin ƙaramin fage, abin da ya sa kundin da Bafaranshe Alfred Forbin ya wallafa a 1915, wanda ya jera na ƙasashen duniya, ya daɗe yana zama madogara. Daga baya aka kafa ƙungiyar masu tara kan sarkin haraji a Amurka a 1947, da wata a Birtaniya a 1990, kuma a yau yana da rukuninsa a manyan baje kolin kan sarki na duniya. Har yanzu ma ana fitar da sababbi da ake rububinsu, kamar kan sarkin izinin farautar agwagin ruwa da Amurka ke fitarwa kowace shekara tun 1934, wanda kuɗinsa ke tafiya wajen kare fadamun da tsuntsayen ke zama.

Mai tarawa na gaskiya yana duba abubuwa da yawa kafin ya yarda da abin da aka kawo masa. Yana ƙirga haƙoran gefe, wato ƙananan hujojin da ake yagewa ta kansu, ya ga nawa ne a cikin santimita 2. Yana ɗaga takardar ga haske domin ganin alamar ruwa, wato tambarin da aka saka a cikin takardar tun wajen ƙera ta. Yana kuma nazarin yadda aka soke shi, ko da sa hannu da kwanan wata, ko da hatimi, ko da huda. Wannan taka-tsantsan ya zama dole ne saboda akwai masu datse haƙoran kan sarki mai araha su sayar da shi a matsayin irin wanda aka buga ba haƙora, akwai kuma masu wanke sa hannu su ce sabo ne. Wajen adana shi, da hantsaki mai faɗin baki ake ɗaukarsa, ba a manna shi da gam ko salatif, ana nisanta shi daga rana da danshi da gara, kuma ba a jiƙa shi da ruwa barkatai, domin wasu an buga su da tawadar da aka yi ta musamman don ta narke idan an yi yunƙurin wanke ta.

Mafi muhimmanci kuma, kan sarkin da ke manne a jikin takardarsa ta asali ya fi wanda aka ɓamɓare daraja a wajen masana, domin takardar ce ke faɗin wanda ya biya, da abin da aka biya wa, da kuɗin da doka ta yanka a ranar.

Abin da ya rage a hannun jama'a

A Nijeriya dokar harajin takardu ta samo asali ne tun 1939, kuma dattawa da yawa sun san zamanin da ake manna kan sarki a kan rasit ko takardar cinikin gida a sa hannu a kansa. A Nijar da Kamaru da sauran ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci har yanzu ana sayen kan sarkin haraji domin takardun hukuma, amma ko'ina na'ura na maye gurbin takarda, kamar yadda ake cire Naira 50 a Nijeriya idan kuɗin da aka tura ta banki ya kai Naira 10,000, ba tare da an bar wani abin da za a riƙe a hannu ba. Wannan na nufin cewa abin da ya rage a cikin adakoki da akwatunan gidaje ba zai ƙaru ba, sai dai ya ragu. Ya kamata duk wanda ya gaji tsofaffin takardun ciniki, ko lasisi, ko takardun kotu masu ɗauke da kan sarki ya bar su yadda suke, kada ya ɓamɓare komai, ya adana su a wuri busasshe, idan kuma ba zai iya kula da su ba ya nemi shawarar ma'aikatan gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ko wata cibiya makamanciyarta, domin amfanin masu bincike da 'yan baya.