Ƙaguwar Jawa mai launin shunayya da matsalar halittun da ke tsare a wuri guda

Wannan ƴar maƙala ta shafi wata ƙaguwar ruwan daɗi ta tsibirin Jawa, a ƙasar Indonesiya, wadda masana ke kira Geosesarma dennerle. Faɗin ƙoƙon bayanta bai kai santimita 2 ba. Jikinta shunayya ne, da tabo mai ruwan madara a gadon baya, idanunta kuma rawaya ne.

Kasuwa ta riga kimiyya sanin wannan dabba. An ɗauki shekaru ana sayar da ita a Turai ga masu kiwon kifin ado, alhali dillalai suna ɓoye inda ake kamo ta. Sai a shekarar 2015 Peter Ng da Christoph Schubart da Christian Lukhaup suka bayyana siffarta, suka raɗa mata suna, bayan an gano mazauninta a yankin Cilacap na tsakiyar Jawa.

Hatsarin da take ciki ya samo asali daga yadda take hayayyafa. Ƙaguwar teku takan saki dubban ƙananan ƙwai, igiyar ruwa kuma ta kai ƴaƴan nesa. Ita kuwa wannan ƙwanta manya ne, ba su da yawa, kuma ƴaƴan kan ƙyanƙyashe da cikakkiyar siffar ƙaguwa, su girma inda aka haife su. Saboda haka zuriyar takan taƙaita a ƙaramin kwari. In aka kame ta fiye da kima, babu wata da za ta zo daga waje ta maye gurbinta.

Batun ya shafi mai bincike a Nijar. A kogin Isa ma akwai ƙaguwar ruwan daɗi, Potamonautes ecorssei, wadda ita ma ba ta bukatar teku wajen hayayyafa. A ƙasar Kurfai kuwa, tafkunan Dallol Boso da ke kewayen Filinge sukan rabu da juna da rani, kowane ya zama tamkar tsibiri a tsakiyar yashi.

Don haka ya kamata ɗalibin da ya kamo wata halittar ruwa ya rubuta sunan tafkin, da ranar, da sunan da mutanen wurin ke kiranta. Labarin Jawa ya nuna cewa ba a iya kare dabbar da ba a san mazauninta ba.