Bayan Fitowa daga Kwalba: Zargin Kai da Rainon Bakwaini a Ƙasar Madawa

Jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, wanda ake kira bakwaini, ko wanda nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, yakan buƙaci kwanciya a sashen kula da jarirai, inda ake sa shi cikin kwalba, wato akwatin ɗumi mai garai-garai, a zura masa siririn tiyo ta hanci domin nonon da aka tatsa ya isa cikinsa. Mutanen Sabon Gida da ƙauyukan Buza da Keita sukan nemi wannan kulawa a asibitin gundumar Madawa, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara tallafa wa a 2006, ko a asibitin Galmi, ko a cibiyar lafiyar uwa da yaro ta Tawa.

Sallama ba ta kawo ƙarshen damuwar iyaye. Maijego takan koma gida tana tuhumar kanta, ko jan ruwa a rijiya da daka ne suka taso da naƙuda, ko awon cikin da ta tsallake, kuma habaicin uwar miji ko na kishiya yakan ƙara tabbatar mata da zargin, ga ranar suna ta wuce tana zaune a bakin gadon asibiti, hannunta bai taɓa ɗanta ba sai da izinin ma'aikata. Uban ma yana da nasa, domin a wannan yanki na Adar magidanta da yawa suna cin rani a Najeriya ko Libiya, ta waya ake neman izininsu da kuɗin mota, kuma kowane jinkiri yakan tsaya musu a rai. A likitance kuwa, yawancin haihuwar bakwaini kan zo ne ba tare da an gano takamaiman dalili ba, sanannun musabbabai kuma, irin su zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, ƙarancin jini da cikin tagwaye, ba abubuwa ba ne da mace ke jawo wa kanta da gangan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai miliyan 13.4 aka haifa haka a 2020.

Illar wannan zargi a raino take bayyana. Wata uwa takan ɗura wa jaririn ruwa ko jiƙo don ya yi saurin ƙiba, alhali nono zalla yake buƙata har wata shida. Wata takan hana a yi masa rigakafi wai ya yi ƙanƙanta, ko da yake shi ne ya fi kowa buƙatarsa. Kwatanta shi da tsaransa ma zalunci ne, saboda likitoci suna lissafa girman bakwaini daga ranar da ya kamata a haife shi, har wajen shekara biyu, ta yadda ɗan wata takwas da ya zo da saura wata biyu, abin da ɗan wata shida ke yi ake sa ran gani a gare shi.

Hanyar da ta fi mayar wa uwa da matsayinta ita ce rainon kangaru, wanda Dokta Edgar Rey ya fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe: a kwantar da jaririn tsirara a ƙirjin uwa, fata da fata, da hula a kansa, a ɗaure da zane kamar goyo. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi nan take bayan haihuwa, kuma uba ko kaka na iya karɓar uwa idan ta gaji, abin da ya fi muhimmanci a lokacin hunturu, sa'ad da sanyin asuba ke saurin kama ƙaramin jiki.